Darasin Tattalin Arziki: Rumbun Bayanan Ƙasa Da Mai Riƙe Da Mabuɗinsa

A ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na shekarar 2024, ana cikin kwanakin farko na azumin watan Ramadan, 'yan kasuwa da dama a Legas da Abuja da Kano da Fatakwal sun tarar da cewa tura kuɗi ta waya ya zama jidali. Manhajojin wasu bankuna sun ƙi buɗewa, na'urorin POS na ta juyi babu amsa, mai saye na tsaye da kuɗinsa a asusu, mai sayarwa kuma na riƙe da kayansa, an rasa mai sakar wa wani. Musabbabin wannan cikas kuwa ba a cikin ƙasar nan yake ba. Manyan igiyoyin sadarwa guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da kuma ACE, su ne suka lalace a daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Kamfanin MainOne ya danganta lamarin da motsin ƙasa a ƙarƙashin teku, kuma sai da aka ɗauki makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su kammala aikinsu.

Wannan rana ta nuna wa jama'a abin da masana suka daɗe suna faɗa, cewa kasuwancin ƙasar nan ya koma rataye a jikin wasu kayayyaki da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, ba mu san inda suke ba, ba mu kuma san mai su ba. Alƙaluman kamfanin NIBSS, wanda ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, sun nuna cewa kuɗin da aka tura ta hanyar tura kuɗi ta nan take ya kai kimanin Naira tiriliyan 600 a shekarar 2023, sa'annan ya haura Naira tiriliyan 1,000 a shekarar 2024. Dukiyar da ta kai haka ba za a bar tsaronta ga sa'a ba.

Darasinmu na wannan fitowa zai duba tsarin da Gwamnatin Tarayya ta shimfiɗa domin tsaron intanet, da kuma ƙoƙarin da take yi na ganin bayanan ƙasa da kayayyakin sadarwa suna ƙarƙashin ikon ƙasa. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, gina rumbu a cikin gida bai wadatar ba, sai an san hanyar da hatsin yake bi, da dokar da take hukunci a kansa, da wanda yake riƙe da mabuɗin, da kuma wanda zai biya ladan mai gadi.

Ma'anar kalmomin

Idan aka ce bayanai a nan, ana nufin duk wani abu da aka rubuta aka ajiye a cikin kwamfuta: lambar BVN da bankuna suka fara bayarwa a shekarar 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da zanen yatsa, da lissafin shige da ficen kuɗi a asusu, da takardun kwastan, da rajistar kamfanoni, da sunayen abokan ciniki da ɗan kasuwa ya tara a wayarsa. Tsaron intanet kuma shi ne kare waɗannan bayanai, da na'urorin da ke ɗauke da su, daga abubuwa uku: kada wanda bai dace ba ya gan su, kada a sauya su a ɓoye, kada kuma a hana mai su kaiwa gare su a lokacin da yake bukata. Abin da ya faru a watan Maris na 2024 na cikin kashi na uku. Babu wanda ya saci kobo, amma an yi asarar ciniki.

Shi kuwa ikon ƙasa a kan bayanai, ma'anarsa ita ce ƙasa ta kasance tana da ta cewa a kan inda ake ajiye bayanan jama'arta, da yadda ake amfani da su, kuma wata gwamnati ko wani kamfani na waje ba zai iya tsayar mata da harkoki ba don ya ga dama. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ƙasar Rasha. A watan Maris na shekarar 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, kamfanonin Visa da Mastercard sun dakatar da ayyukansu a can. Cinikin cikin gida bai tsaya ba, domin tun bayan takunkumin shekarar 2014 Rasha ta mayar da sarrafa cinikin katuna cikin ƙasarta, ta kuma fito da katinta mai suna Mir. Ko mutum yana goyon bayan Rasha ko ba ya yi, darasin tattalin arzikin a bayyane yake.

Dalilin shigar gwamnati

Mai karatu na iya tambaya, tun da bankuna da kamfanonin waya na 'yan kasuwa ne, me ya kawo gwamnati cikin lamarin? Amsar tana cikin wani ginshiƙi na ilmin tattalin arziki. Akwai kayan da idan mutum ya saya shi kaɗai zai amfana, kamar shinkafa ko atamfa. Akwai kuma waɗanda amfaninsu ke game kowa, ko ya biya ko bai biya ba, kamar fitilar titi ko motar kashe gobara. Irin waɗannan na biyu, idan aka bar su ga kasuwa kaɗai, ba a samar da su yadda ya kamata, saboda kowa na jiran maƙwabcinsa ya biya.

Tsaron intanet yana da wannan siffa. Ɗan kasuwar da ya yi sakaci da wayar lantarki a rumfarsa ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, domin idan wuta ta tashi layin duka za ta ci. Haka nan ƙaramin kamfanin hada-hadar kuɗi da ya yi rowar kashe kuɗi a kan tsaro, tun da na'urorinsa na haɗe da na bankuna, ɓarakarsa na iya zama ƙofar shiga ga sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bugu da ƙari, kamfanin da aka yi wa kutse ya fi son ya rufe maganar don gudun zubewar mutunci, alhali kuwa da ya sanar da wuri, da sauran sun ɗaura ɗamara. Waɗannan dalilai biyu su ne suka wajabta doka.

Wani abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya isa misali ga masu shigo da kaya. A watan Yulin shekarar 2021 masu kutse sun afka wa na'urorin kamfanin Transnet, mai kula da tashoshin jiragen ruwan ƙasar. Aikin sauke kwantena a Durban da sauran tashoshi ya koma na biro da takarda na tsawon kwanaki, manyan motoci suka yi jerin gwano, kayan gona masu saurin lalacewa suka zauna jira. Kamfani ɗaya aka taɓa, amma dubban 'yan kasuwa ne suka ji a jikinsu.

Tsarin da Nijeriya ta shimfiɗa

Nijeriya ta fitar da Manufa da Dabarun Tsaron Intanet na Ƙasa karo na farko a ƙarshen shekarar 2014, a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. An yi wa kundin kwaskwarima, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon a watan Fabrairun shekarar 2021. Ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro shi ne jagoran aiwatarwa, kuma a ƙarƙashinsa ne cibiyar ngCERT take, wadda aikinta shi ne karɓar rahoton kutse, da gargaɗin jama'a, da taimaka wa waɗanda aka kai wa hari. Kundin na 2021 ya tsaya a kan ginshiƙai 8, ya kuma ware fannoni 13 da ya ce tsayawar na'urorinsu na iya girgiza ƙasa, cikinsu har da banki da inshora, da wutar lantarki, da sadarwa, da sufuri, da lafiya, da abinci da noma.

Kundin manufa dai shiri ne, doka ce ke ba shi haƙora. Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta shekarar 2015 ta haramta kutse da zamba ta kwamfuta da satar shaidar wani, ta kuma wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na tsawon shekara 2. A watan Fabrairun shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar, wanda a ciki aka rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. A cikin shekarar kuma aka fitar da wani umurni da ya sanya turakun sadarwa da igiyoyin intanet da cibiyoyin adana bayanai cikin muhimman kadarorin ƙasa, ta yadda lalata su ya zama babban laifi. A fagen ƙasa da ƙasa, Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Budafes kan laifuffukan intanet a shekarar 2022, wadda ke sauƙaƙa musayar shaida tsakanin hukumomin ƙasashe.

Har ila yau Babban Bankin Nijeriya yana da nasa ƙa'idojin tsaro da ya ɗora wa bankuna tun shekarar 2018, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, na lura da kamfanonin waya, hukumar NITDA na lura da fasahar zamani a ma'aikatu. Yawan hukumomi na da amfaninsa, amma yana da tsadarsa, domin kamfani guda kan samu kansa yana kai rahoton abu ɗaya ga ofisoshi uku ko huɗu.

Tambaya ta farko: wace hanya bayanan ke bi?

Har zuwa shekarar 2010, igiyar SAT-3 da ke hannun kamfanin NITEL ita ce kaɗai babbar hanyar teku da ta haɗa ƙasar nan da sauran duniya, saura kuwa sai tauraron ɗan'adam mai ɗan karen tsada. A shekarar 2010 igiyoyin MainOne da Glo-1 suka iso, sai WACS da ACE suka biyo baya, farashin intanet na sari ya faɗi ƙwarai. A shekarar 2022 igiyar Equiano ta kamfanin Google ta sauka a Legas, sa'annan 2Africa, wadda kamfanin Meta ke cikin masu ita, ta sauka a Legas da kuma Jihar Akwa Ibom. A lokacin cikas ɗin 2024, igiyoyin da ba su lalace ba ne aka karkata gare su, shi ya sa ƙasar ba ta yanke gaba ɗaya ba.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, kusan dukkan igiyoyin a gaɓar Legas suke sauka, don haka abin da ya sami wannan gaɓa ya sami ƙasa. Na biyu, sababbin igiyoyin mafiya girma na manyan kamfanonin Amurka ne da abokan haɗin gwiwarsu, ita ma MainOne, wadda 'yar Nijeriya Funke Opeke ta kafa, kamfanin Equinix na Amurka ya saye ta a kan dala miliyan 320, cinikin da aka kammala a shekarar 2022. Wannan jari ne da ƙasa ke bukata, ba abin ƙi ba ne, sai dai wajibi ne a san da shi a lissafi.

Maganin da ya fi araha shi ne a hana saƙon cikin gida fita waje ba gaira ba dalili. A da, saƙon da aka aika daga wani ofis a Legas zuwa wani a Legas ɗin yakan je Turai ya dawo, a biya kuɗin hanya da dala. Domin magance haka aka kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN a shekarar 2006, inda kamfanonin sadarwa ke haɗuwa su miƙa wa juna saƙo a gida. Haka kuma tun shekarar 2011 Babban Banki ya shardanta cewa duk cinikin kati na cikin gida a sarrafa shi a cikin gida, sa'annan a watan Janairun shekarar 2023 aka ƙaddamar da katin ƙasa mai suna AfriGo.

Daga gaɓar teku zuwa cikin ƙasa kuma akwai sauran aiki. A shekarar 2024 gwamnati ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin igiyoyin intanet masu tsawon kilomita 90,000. Babban abin da ke kawo tarnaƙi a irin wannan aiki shi ne kuɗin izinin tona gefen hanya da jihohi ke karɓa. An yi yarjejeniya a kan Naira 145 a kowace mita, wasu jihohi sun yafe shi ɗungurungum, wasu kuwa sun daɗe suna karɓar ninkin ba ninkinsa. Ga kuma masu aikin hanya da ke tsinke igiyoyi da katafila, da ɓarayin man janareta a turakun sadarwa. Ɗan kasuwar da ke Maiduguri ko Sakkwato, wanda ke ƙarshen layi, shi ya fi kowa jin raɗaɗin wannan.

Tambaya ta biyu: ina rumbun yake?

A shekarar 2013 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin da suka bukaci a ajiye bayanan gwamnati da na masu hulɗa da kamfanonin sadarwa a cikin ƙasa. Gwamnati tana da nata kamfanin, Galaxy Backbone, wanda aka kafa a shekarar 2006, yana da cibiyar adana bayanai a Abuja, aka kuma buɗe wata a Kano a watan Janairun shekarar 2023. 'Yan kasuwa ma sun gina nasu cibiyoyin, irin su Rack Centre da ke Ikeja da MDXi da ke Lekki, kuma mafi yawansu a Legas suke.

Hujjar masu son a ajiye bayanai a gida tana da ƙarfi ta fuskar tattalin arziki. Kamfanin da ke hayar ma'ajiya a ƙasar waje da dala yake biya. A watan Mayun shekarar 2023 dala na kusan Naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairun shekarar 2024 ta haura Naira 1,500. Wato wanda ke biyan hayar dala 2,000 a wata, kuɗinsa ya tashi daga Naira 920,000 zuwa fiye da Naira miliyan 3, alhali cinikinsa da Naira yake yi. Ma'ajiyar gida tana rage wannan haɗari, tana samar da aikin yi, kuma ba ta yankewa idan igiyar teku ta tsinke.

To amma akwai ɗaya gefen. Cibiyar adana bayanai ba ta jure ɗaukewar wuta ko da na minti ɗaya, ga na'urorin sanyaya ɗaki da ke aiki dare da rana, saboda haka a ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, kuɗin gas da dizal yana shiga cikin farashi. Na'urorin da kansu da dala ake shigo da su. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan kamfanonin hayar ma'ajiya na duniya suka fara kafa manyan cibiyoyinsu na Afirka a Afirka ta Kudu: Microsoft a shekarar 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Idan doka ta tilasta wa kowa ajiya a gida kafin ma'ajiyar gida ta wadata, to, farashi zai hau, kuma ƙananan kamfanoni ne za su fi shan wahala.

Sa'annan kusanci ba shi ne tsaro ba. Ɓarawon intanet ba ya bukatar biza. Ƙasar Yukren ma, gab da ɓarkewar yaƙi a shekarar 2022, sai da ta sauya dokarta domin ta samu damar kwashe bayanan gwamnati zuwa ma'ajiyun waje, don kada makamai su hallaka su. Ita kuwa Estoniya, wadda ta sha mummunan harin intanet a shekarar 2007, ta ƙulla yarjejeniya da Luksamburg a shekarar 2017, inda ta ajiye kwafin muhimman bayananta a can, da sharaɗin cewa wurin na da kariya irin ta ofishin jakadanci. Abin koyi a nan shi ne a rarraba bayanai gwargwadon nauyinsu. Na tsaro da na shaidar ɗan ƙasa su zauna a gida tare da kwafi a wani gari daban, na ciniki na yau da kullum kuwa a bar wa mai su zaɓi, muddin ya cika sharuɗɗa.

Tambaya ta uku: dokar wa, kuma mabuɗin wa?

A shekarar 2018 Amurka ta kafa wata doka da ta bai wa hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin da ke ƙarƙashin shari'arta, ko da kuwa bayanan a wata ƙasa suke ajiye. Ma'anar wannan ita ce, rumbu na iya kasancewa a gida amma mai gadinsa na amsa kiran wani sarki. Abin da ke kare mai bayanai a nan shi ne ya kulle su da lambobin sirri, ya kuma riƙe mabuɗin a hannunsa, ta yadda ko an ɗauki bayanan ba za a iya karanta su ba. Haka zancen yake game da kayan aiki. Wani sashe na kayayyakin sadarwar gwamnati da bashin bankin Exim na ƙasar Sin aka gina shi, kamfanin Huawei ya yi aikin. Ko daga gabas kaya suka zo ko daga yamma, tambayar ɗaya ce: shin muna da injiniyoyin da za su iya binciken su, su gyara su, su kuma sauya su idan ta kama? A daidai lokacin da ƙwararrun matasanmu ke barin bankuna suna ficewa ƙasashen waje, wannan tambaya ta fi ta gini muhimmanci.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. A watan Yunin shekarar 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar ba ta hana fitar da bayanan mutane waje ba, amma ta ce sai inda za su samu kariya isasshiya, ko kuma bisa wasu sharuɗɗa kamar yardar mai su. Babban kamfanin da ya saɓa na iya fuskantar tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙarami kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100. A watan Yulin shekarar 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun sauraron ƙarar gasa ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun shekarar 2025.

Tambaya ta huɗu: wa zai biya?

A ranar 6 ga watan Mayun shekarar 2024 Babban Banki ya umurci bankuna da su fara cire kashi 0.5 cikin 100 daga kuɗin da aka tura ta na'ura, a zuba a Asusun Tsaron Intanet na Ƙasa, kamar yadda gyaran dokar ya tanada. An keɓe wasu abubuwa kamar biyan albashi da bayar da rance. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu masana'antu suka yi ca, kuma kafin watan ya ƙare gwamnati ta dakatar da shirin, Babban Banki ya janye takardarsa.

Ya kamata a fahimci dalilin ƙorafin, domin bukatar kuɗin ba ta gushe ba. A ɗauka dillalin hatsi ya tura Naira miliyan 10 kuɗin masara. Harajin zai zama Naira 50,000. Idan ribarsa kashi 3 cikin 100 ce, wato Naira 300,000, to, kashi ɗaya cikin shida na ribar ya tafi. Idan kuma masarar ta bi hannu huɗu daga manomi zuwa mai kamfanin abincin kaji, za a cire harajin sau huɗu a kan kaya ɗaya. Haraji a kan juyawar kuɗi ba ya duban riba, yana hawa kan kansa, kuma yana tura mutane su koma ɗaukar tsabar kuɗi a buhu, wanda shi ne abin da gwamnati ta shafe shekaru tana yaƙi da shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a biya kuɗin tsaron ƙasa daga kasafin kuɗi, inda Majalisa za ta iya bin diddigi, a kuma bar kowane kamfani ya ɗauki nauyin tsaron gidansa, tare da tara mai zafi ga mai sakaci.

Idan ikon ya juyo gida

Akwai wata gaskiya da ba za a tsallake ba. Ikon da ƙasa ke nema domin kare kanta daga na waje, shi ne kuma ikon da za ta iya amfani da shi a kan 'yan ƙasa. Daga watan Yunin shekarar 2021 zuwa watan Janairun 2022 an dakatar da dandalin Twitter a ƙasar nan, kuma a watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa doka. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga, daga bisani aka faɗaɗa zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar tsaro, masu sana'ar POS da dillalan hatsi da na dabbobi sun yi makonni suna tafiya mai nisa kafin su samu sabis su tura kuɗi ko su ji farashi.

Mai zuba jari yana lissafa irin wannan haɗari kamar yadda yake lissafa na ɓarawo. Saboda haka ikon ƙasa a kan bayanai ba zai jawo jari ba sai an ɗaure shi da ƙa'ida: a san wanda ke da hurumin bayar da umurnin rufewa ko na leƙa bayanai, da izinin wace kotu, na tsawon wane lokaci, da kuma inda wanda aka cuta zai kai kuka.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Mai karatu ba sai ya jira gwamnati ba kafin ya gyara nasa. Da farko ya zauna ya lissafa bayanan da ke hannunsa, na abokan ciniki da na ma'aikata da na lissafi, ya san inda kowanne yake ajiye. Duk wanda ke tara sunaye da lambobin waya da hotunan katin shaidar mutane, amana ce a hannunsa, kuma doka za ta tambaye shi. Na biyu, ya ajiye kwafin littattafan lissafinsa a wuri na dabam wanda ba ya haɗe da intanet, domin masu garkuwa da bayanai su nemi kuɗin fansa ba su da ƙarfi a kan mai kwafi. Na uku, kada ya dogara da banki ɗaya ko layin waya ɗaya. Na huɗu, idan zai ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai riƙe masa bayanai, ya tambaya a wace ƙasa za a ajiye su, da wane kuɗi zai biya, wace kotu ce za ta raba gardama, kuma yaya zai karɓi kayansa idan zai tashi. Na biyar, ya koya wa yaran shagonsa cewa babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira waya ya nemi lambar sirri, domin sau da yawa ta hannun mutum ake shiga, ba ta na'ura ba. Idan kuma ɓarna ta auku, ya sanar da bankinsa nan take, kada kunya ta sa ya yi shiru.

Daga ƙarshe, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na jihohi suna da rawar da za su taka. Duk lokacin da za a sake duba kundin tsaron intanet, ko a dawo da maganar haraji, ko a tsara dokar ajiye bayanai a gida, ya kamata a gan su a zauren sauraron ra'ayin jama'a da lissafinsu a hannu, su kuma matsa wa gwamnatocin jihohinsu lamba a kan kuɗin izinin shimfiɗa igiyoyi. A shekarar 2024 sai da takardar Babban Banki ta fito sa'annan mafi yawan 'yan kasuwa suka san da wani sashe na doka da aka zartar watanni biyu kafin nan. Bai kamata a sake yin haka ba.